Yadda za ka gyara wa ɗan sakandaren Koriya giramarsa da zaɓin kalma ba tare da ka ɓata masa lokaci ba

Idan Allah ya haɗa ka da ɗalibi ɗan Koriya ta Kudu da ke sakandare kana masa lesin ɗin Turanci ta intanet, to abu na farko da za ka cire a ranka shi ne wai za ka fara masa daga tushe, ka jero masa tensis goma sha biyu kana ta zuba bayani. Ya san su. Wani ma ya fi ka haddace sunayen dokokin, don tun aji uku na firamare ake koya musu Turanci a makaranta, kuma da yawansu in an tashi ba gida suke nufa ba, hagwon suke wucewa, wato makarantun lesin na kuɗi, su zauna har dare. Yaron da zai gaya maka wannan jimla tsari na uku ce waccan na biyar ce, don haka ake koya musu, an kasa jimlolin Turanci gida biyar, shi ne kuma zai rubuto maka "Seoul is many people" ko a jikinsa. Saboda haka kar ka ƙara masa lodin dokoki, ka nemo 'yan wuraren da Koriyanci ke jan hannunsa in yana rubutu ko karatu, ka zauna a kansu har su gyaru. Ba su da wani yawa, kuma kusan su ne dai a wajen kowane yaro.

Tun ranar farko ka tambaye shi ajinsa da kuma jarabawar da ke gabansa, don aikin ba ɗaya ba ne. Sakandaren sama shekara uku ce a wajensu, shekarar karatu tana farawa a watan Maris, zango biyu, kowane zango da jarabawar tsakiya da ta ƙarshe, kuma makin da yaro ke tarawa a waɗannan su suke kira naesin, yana da nauyi sosai wajen shiga jami'a. Sai kuma babbar, Suneung, jarabawar shiga jami'a ta ƙasa wadda hukumar KICE ke shiryawa ana yin ta ranar wata Alhamis a watan Nuwamba, ita ce ƙasar gaba ɗaya ke tsayawa dominta, har jiragen sama ana dakatar da tashinsu da saukarsu na wajen minti 35 lokacin da yara ke sauraren ɓangaren Turanci. Takardar Turancin tambaya 45 ce a minti 70, guda 17 na saurare 28 na karatu, maki ɗari cif. Tun daga jarabawar da aka yi a 2017 aka daina gwada makin Turanci da na sauran ɗalibai, aka yanke layi kawai: 90 zuwa sama mataki na 1, daga 80 zuwa 89 mataki na 2, haka dai har ƙasa. Ka ga ke nan yaron da ya tsaya a 88 tambaya ɗaya ce tak ta raba shi da mataki na 1, kuma ba kowa ke hawa wurin ba, a jarabawar Nuwamba 2023 kashi 4.71 cikin ɗari ne suka samu, a ta 2024 kuma kashi 6.22.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne a cikin 45 ɗin nan, tambayar girama tsantsa guda ɗaya ce, lamba 29, sai ta dacewar kalma a lamba 30 da kuma wata a 42. Kar wannan ya sa ka raina aikin. Tambayoyin cike gurbi na 31 zuwa 34, waɗanda su ne ke kayar da yara, jimlolinsu dogaye ne masu rassa, wanda bai iya gano kan jimla da wutsiyarta ba ko ya san ma'anar kowace kalma haka zai fito bai san me aka ce ba. A jarabawar makaranta kuwa akwai tambayoyin da ake rubuta amsa da hannu, a ba ka kalmomi a ce ka haɗa jimla ka canza siffar wadda ta kamata, a nan in ka bar -s ɗaya ko "the" ɗaya sai a zaftare maka maki. To ɗan aji ɗaya da aji biyu ka fi ba shi ƙarfi a rubutu, ɗan aji uku kuma a gano kuskure cikin sauri.

Yanzu ga tushen matsalar, in ka gane wannan rabin aikin ya ƙare. Koriyanci aikatau ɗinsa a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma duk wani bayani da za a yi wa suna gabansa ake jerowa. Mu muna cewa "yaron da na gani jiya a kasuwa", Bature ma haka yake jerawa, yaron tukuna sannan bayani, shi kuwa Bakoriye sai ya gama cewa jiya, a kasuwa, na gani, sannan ya ambaci yaron. Jimlarsu mai tura baro ce, kaya a gaba shi yana baya, ta Turanci kuwa tirela ce, kai a gaba kaya na biye. Shi ya sa in yaro ya ci karo da suna a farkon jimla aka jibga masa bayani layi biyu a baya, kafin ya kai ga aikatau ya manta waye ma ake magana a kai, sai ya kama sunan da ya fi kusa ya daidaita aikatau da shi. Masu shirya tambaya ta 29 sun san da haka sarai, nan suke haƙa ramin.

Ga yadda za ka yi da shi. Ka ba shi jimla irin wannan: "The habit of checking messages during classes and even during meals make it hard to focus." Kar ka ce masa akwai kuskure. Ka ce ya ɗauki biro ya ja layi ƙarƙashin aikatau na gaskiya, wanda ke ɗauke da lokaci, sannan ya tambayi kansa wa ke yin wannan aikin. Zai ce meals, ko classes. Ka ce ya rufe duk abin da ya fara da of ko during da yatsa ya karanta abin da ya rage. "The habit make." Da kansa zai yi dariya ya ƙara -s. Wannan rufewa da yatsa ita za ka sa ya riƙa yi kullum, jimla biyar ko shida a farkon kowane darasi, har ta zame masa jiki ya daina buƙatar yatsan. Ni a ganina babu wani motsa jiki na girama da ya kai wannan amfani ga waɗannan yaran, kuma ba ya cin minti goma.

Daga nan sai lissafin aikatau. Doka ce mai sauƙi wadda malamansu na can ma suna koyarwa: in jimla tana da mahaɗi ɗaya, su who, which, because, when, to aikatau masu lokaci biyu take buƙata, in mahaɗi biyu ne uku, kullum dai da ƙarin ɗaya. Duba "Students who review their mistakes every weekend usually scoring higher." Mahaɗi ɗaya ne, who, ke nan muna neman aikatau biyu, ga review nan, ina na biyun? Scoring ba zai iya riƙe jimla shi kaɗai ba, dole ya koma score. Haka in aka juya, aka sa aikatau mai lokaci a inda ba gurbinsa, lissafin zai nuna ya yi yawa. Sai dai ka ja masa kunne cewa Bature yakan haɗiye that ɗinsa, "the book I bought", to ya ƙirga wanda aka ɓoye ɗin ma, in ba haka ba lissafin zai rikice masa ya zo yana maka gardama.

Sai rigimar that da what da which da where, wadda kusan ba a rasa ta a cikin wurare biyar da ake ja wa layi a ƙasa a tambaya ta 29 a ce wanne ne kuskure. Kai Bahaushe a nan ka huta, don kana da su a bakinka: what shi ne "abin da", that na bayan aikatau shi ne "cewa", where shi ne "inda", which shi ne "wanda" ko "da". Amma shi ba za ka yi masa da Hausa ba, gwaji za ka ba shi. Ya rufe kalmar ya karanta abin da ya biyo bayanta, in ya ji jimlar a cike take ba gurbin da ya rage, to where ne ko in which ko that mai ma'anar cewa, in kuwa ya ji akwai rami, an rasa mai aikin ko abin da aka yi wa aikin, to which ne ko what, kuma what ba ya yarda suna ya tsaya a gabansa don ya riga ya haɗiye nasa. "This is the library which my uncle designed" daidai ne, don designed yana neman abin da aka zana kuma babu shi a bayansa. "This is the library which I studied last winter" kuwa ba daidai ba, sai dai in shi kansa laburaren ne abin da ya yi nazari a kai, where ake so. Yaran suna da wata ɗabi'a, da sun ga sunan wuri sai su danna where ido rufe, da sun ga lokaci sai when, to ka riƙa kawo musu sunan wuri da which a bayansa da gangan har su daina.

Akwai wani kuskure da in ba ka san dalilinsa ba za ka yi ta gyarawa yana dawowa. "The news made her happily", "keep the room warmly". A Koriyanci in za a ce ya sa ta farin ciki ko ya bar ɗakin da ɗumi, ƙarshen -ge ake liƙa wa kalmar, kuma wannan -ge ɗin shi ne aka koya musu a matsayin -ly na Turanci, to yaro fassara yake yi a kansa kuma a fassararsa bai yi laifi ba. Ka nuna masa cewa bayan make, keep, find, leave in an ambaci mutum ko abu, siffanta shi ake yi ba aikin ba, ita ce ke happy, ɗakin ne ke warm. Haka bayan look, sound, smell, feel. Da zarar ka ambaci -ge ɗin nan da bakinka za ka ga idonsa ya buɗe, don ya gane ka san inda ke masa ƙaiƙayi.

Na -ing da -ed ba sai na ja ba, tambaya ɗaya ce, sunan shi ke yi ko shi ake yi wa, "a letter written in pencil", "a boy writing a letter". Inda za ka tsaya kaɗan shi ne su bored da boring, don za ka sha jin "I was boring in the class", da kuma aikatau da ba sa karɓar komai amma yaran su mayar da su kamar an yi musu, "the accident was happened", "my wallet was disappeared". Happen, occur, disappear, appear, remain, ka sa ya rubuta su wuri ɗaya ya san ba a sa musu was. Sai kwatance, "The climate of Busan is milder than Seoul", nan an gwada yanayi da gari, sai an ce than that of Seoul, in jam'i ne those.

To mu koma rubutu, inda a da the suke. Koriyanci ba shi da su sam, kuma alamar jam'insu, -deul, ba dole ba ce, mutum zai ce littafi uku ba tare da ya canza komai ba, kuma ma sukan jefar da mai aikin in an riga an san shi. Saboda haka abubuwa ukun nan, a da the, -s na jam'i, -s na aikatau, ba ya jin rashinsu a kunnensa ko kaɗan. Kai kana da "wani littafi" da "littafin", kana jin bambancin tun kana yaro, duk da ba ko'ina suka yi daidai da na Bature ba, shi kuwa sai an gina masa jin daga waje. Kar ka ba shi dokokin the guda ashirin. Ka ba shi tambaya biyu ya riƙa yi wa kowane suna bayan ya gama rubutu: ana ƙirga shi? In ana ƙirgawa kuma ɗaya ne, to haram ya tsaya tsirara, sai da a ko the ko my ko this a gabansa. Mai karatu ya san wanne nake nufi? In ya sani, the. Ya bi rubutunsa daga jimlar ƙarshe ya yo sama, suna bayan suna, don in ya karanta daga farko labarin zai ɗauke masa hankali ya tsallake. Da wannan kaɗai yawancin kurakuran za su zube, ragowar irin su sunayen koguna da kayan kiɗa a bar su sai sun taso.

Shi kuma "Seoul is many people" da 'yan'uwansa irin "My school is many trees", daga wani wuri suke fitowa. Koriyanci yana da alamar da ake liƙa wa abin da za a yi magana a kansa, eun ko neun, kamar ka ce "Seoul kam, mutane da yawa", sai yaro ya ɗauka wannan alamar ita ce is. Maganinsa ka sa ya sake jimlar sau biyu, ɗaya da has ɗaya da there are, duk lokacin da ta fito. Haka "Because I was tired." a tsaye ita kaɗai da aya, wannan ma daga yadda suke fara jimlar dalili ne a harshensu, ka ce ya manna ta da 'yar'uwarta.

Zaɓin kalma kuwa gida biyu ne, kuma kar ka haɗa su a darasi ɗaya. Na jarabawa daban. A tambaya ta 30 za a ba shi sakin layi a ja wa kalma biyar layi a ce wacce ba ta dace ba, kuma abin da aka saba yi shi ne a cire kalmar asali a sa kishiyarta, ba wai a kawo wata baƙuwar kalma ba. Ke nan ba ƙamus ake gwadawa ba, bin zaren magana ake gwadawa. A ce rubutun yana bayanin cewa in zaɓi ya yi wa mai saye yawa sai ya rikice ya fasa, sannan a ƙasa a ce saboda haka shagon da ya rage kayan da ya baza "may actually discourage buying". Kowace kalma yaro ya sani, jimlar kuma lafiyarta ƙalau a girama, amma ta juya wa maganar baya, encourage ne asali. Abin da za ka koya masa, kafin ya kalli kalmomi biyar ɗin ya faɗa maka a jimla ɗaya me marubucin ke so ya ce, ko da Turanci mai karaya ne, sannan ya riƙa sa alamar ƙari ko ragi a gefen kowace jimla, ya zagaye however da therefore da in contrast don a nan hanya ke lanƙwasa. Kuma in ya zaɓi amsa kar ka karɓa sai ya gaya maka kalmar da ya kamata ta zauna a wurin. Wanda ya kasa kawo kishiyar, canke ya yi ko da ya dace.

Su kuma tagwayen kalmomi masu kama, adopt da adapt, considerable da considerate, sensible da sensitive, economic da economical, sun fi fitowa a jarabawar makaranta. Yaran sun saba haddar jerin kalmomi, Turanci a hagu ma'ana ɗaya ta Koriyanci a dama, ɗaruruwa a mako, kuma ba za ka iya hana su ba don hagwon na gwada su a kai. Abin da za ka ƙara kawai, kowace kalma ta zo da abokiyar tafiyarta: a considerable amount, a considerate neighbor, sensitive skin, a sensible decision. In ya haddace ta da abokiyarta ba ya ruɗewa.

Gida na biyu shi ne na bakinsa da alƙalaminsa, inda kalma ɗaya ta Koriyanci ta rabu biyu ko uku a Turanci. Yaksok a wajensu alkawari ne kuma haɗuwa da aboki ce, shi ya sa zai ce maka ba zai zo darasi ba "because I have a promise". Nolda wasa ne kuma fita yawo ne, sai ka ji saurayi ɗan shekara 17 yana cewa "I played with my friends", hung out yake nufi. Magani ci suke yi, "I ate medicine", mu kuma sha muke, Bature take yake, kowa da nasa. Kkaji ɗaya ce ta ɗauki until da by, to "finish it until Friday" ba zai ƙare ba sai ka nuna masa cewa until aikin na ci gaba har lokacin, by kuwa wa'adi ne. Ga fun da funny, ga "almost students" a maimakon most, ga "marry with her", ga "I'm going" a inda Bature zai ce I'm coming in yana tahowa wajenka. Sannan ga Konglish, kalmomin da suka yi kama da Turanci amma a Koriya aka haife su ko aka canza musu ma'ana: hand phone wayar hannu, notebook kwamfutar cinya, eye shopping zaga kanti ba saye, service kyautar da mai shago ya ƙara maka, cunning satar amsa a jarabawa, arbeit aikin wucin gadi wanda ma daga Jamusanci ya zo. Kar ka yi musu dariya a kan waɗannan, kalmomin Koriyanci ne na halak, kawai ka gaya masa a takardar Turanci ba sa aiki, ga madadinsu.

A nan fa sai mun duba namu bakin, malam. "Discuss about" da yaron ke rubutawa mu ma muna faɗa, haka informations da advices da furnitures, haka "borrow me your pen", haka "I am having two brothers". In kunnenka ya saba da abu ba za ka gan shi a takardar yaro ba, shi kuma malamarsa ta makaranta za ta gani ta zaftare, daga nan uwar ta fara tambayar me ake biyanka. Ka ajiye ƙamus na masu koyo kusa, Oxford ko Longman, duk abin da ka yi kokwanto ka duba a gabansa, ba abin kunya ba ne. Na biyu, littattafansu Turancin Amurka suke bi, mu kuma na Ingila muka taso da shi, to color da center da gotten da on the weekend duk daidai ne, kar ka taɓa su, kai ne ma za ka koma rubuta nasu in kana masa misali.

Wani abu kuma da muka yi tarayya da su, amsar tambayar da ke da "ba". Ka ce "Didn't you do the homework?" ya ce "Yes", nufinsa e, ban yi ba, daidai yadda Bahaushe zai amsa. Kai za ka gane shi, Bature ba zai gane ba, kuma a ɓangaren saurare zai iya cin sa. Ka sa ya riƙa cikawa, No, I didn't. Sannan "Do you understand?" tambayar banza ce a wajen yaran nan, yes za ka ji ko ya gane ko bai gane ba, saboda girmama malami da kunya. Ka ce ya ƙirƙiro tasa jimlar da dokar, ko ya koya maka ita kamar kai ne ɗalibin.

Wajen gyaran rubutu, kar ka gyara masa da hannunka. Ka haska wurin ka sa 'yar alama, a ce A na su a da the, V na aikatau, W na kalmar da ba ta dace ba, ya nemo gyaran da kansa ya dawo maka da shi, kuma a rubutu ɗaya kar ka kama fiye da iri biyu ko uku, sauran ka kau da kai sai wani makon. In kana amfani da ja wajen gyara babu laifi, amma kar ka rubuta sunansa da jan biro, a al'adarsu ana danganta hakan da mamaci, ko yaron bai damu ba iyayen za su iya damuwa. Kuma rubutun a gabanka zai yi shi, minti bakwai ko takwas kana kallo a shafin da kuka buɗe tare, don in ka ba shi ya tafi da shi gida Papago ne zai rubuta, manhajar fassara ta kamfanin Naver, sai ka zauna kana gyara wa inji aiki. Yawancinsu sun riga sun san abin da suke kira odap noteu, littafin da ake tara tambayoyin da aka faɗi, to ka hau kan wannan al'adar, sai dai ka canza mata tsari, maimakon ya jera su bisa kwanan wata ya jera su bisa irin kuskuren, shafin which da where daban, shafin -ly daban, kowanne da jimlar da ya ɓata da wadda ya gyara da sabuwa tasa. Bayan wata guda shafin da ya fi cika shi ne darasinku, ba sai ka yi dogon shiri ba.

Kayan aiki kuwa kar ka wahalar da kanka da ƙirƙira. Tsofaffin takardun Suneung da na gwajin da KICE ke yi a watan Yuni da Satumba suna nan kyauta a intanet, su suke kira gichul, ka ce ya turo maka, ka zaro lamba 29 da 30 na shekaru da dama ku bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma kar ku tsaya a amsar da ta zama kuskure kaɗai, sauran huɗun ma ya faɗi dalilin da ya sa suke daidai, a nan ribar take. Littattafan tashar ilimi ta EBS irin su Suneung Teukgang ɗan aji uku yana da su dole, amma ka sani tun jarabawar 2021 aka rage alaƙar jarabawa da su zuwa kashi 50, kuma a Turanci ba a ɗauko rubutun kai tsaye, sai dai mai kama da shi, to haddace fassarar sakin layi da yara suka saba yi a da ba ta da amfani yanzu, ka gaya masa haka ƙarara.

Ka kuma yi la'akari da agogo. Koriya tana gabanmu da awa 8, kuma a Seoul doka ta ce hagwon su rufe ƙarfe 10 na dare, ke nan yaron da ya shigo maka ƙarfe biyu da rabi na rana kai ka yi azahar ka ci abinci garau, shi goma da rabi na dare ne a wajensa kuma tun safe yake zaune a kujera. Kar ka yi masa lacca, minti arba'in ya isa, shi ya fi ka magana, abu mai nauyi a farko. In Suneung ta rage wata ɗaya ka daina kawo sabon abu kwata-kwata, ku koma littafin kurakuransa kawai, kuma a ƙarshen mako ya riƙa yin cikakkiyar takarda a daidai lokacin da za a yi ta gaske, ƙarfe 1:10 na rana bayan cin abinci lokacin da barci ke fizgar mutum. Wannan biyar da minti goma na asuba ne a wajenmu, ba sai ka zauna masa ba, ya sa agogo ya yi abinsa ya ɗauki hoton takardar ya turo, ku duba tare in ya shigo da daddare.